Badujalar da Ta Busa a Jana'izarta

Eduakrom, watan Mayu

Uwata Araba,

Gaisuwa mai yawa daga bakin teku zuwa can Bolga inda rana ke gasa ku. Ina fata kina lafiya, kuma 'yan matan ajinki ba su sa miki furfura ba tukuna. Mu nan lafiya lau. Mamarki tana nan daram, dokununta na ƙarewa kafin rana ta take, maganarta ce dai ba ta ƙarewa. Gwiwata ta hagu ta daina ciwo, ta miƙa wa ta dama aikin. Tarin nan da kika sani yana gaishe ki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Lahadi bayan coci aka kira taron kwamitin bikin share hanya. Na je a matsayina na shugaban badujala, cikin kwat ɗin nan da ta halarci aurena. Na zaci za a tambaye ni waƙoƙin da za mu busa a gaban jerin gwano bana, yadda ake yi tun kakanki na riƙe da babban ƙaho. Sai Masta Kwansa, sakataren kwamiti, ya miƙe da takarda. Kin san ni da shi benci ɗaya muka zauna a aji huɗu. Shi ya wuce har ya zama hedimasta, ni kuwa na tsaya gadin bencin kada a sace.

Ya tayar da zancen bara, wanda ba ki nan aka yi. Mun kai tsakiyar tudun tsohuwar rijiya, Nana, sarkin garinmu, yana bisa kafaɗun masu ɗaukarsa, sai Kwesi Bronya ya sauke begilarsa yana haki. Papa Yanka ya bi shi. Ni ma na duba cikin ƙirjina ban sami komai ba. Egya Atta kaɗai ya rage, shi da kunnensa ya yi ritaya tuntuni, bai san mun tsaya ba, yana ta dukan gangarsa. Haka Nana ya hau tudu da ganga ɗaya tal kamar mai tallan maganin basir.

Masta ya ce kwamiti zai ba Nana shawara a ɗauko samarin badujalar garin Swedru su ja gaba bana. Sannan ya gyara tabarau ya ce badujalar Eduakrom ta zama wani abu. Kalmar ta faɗo tsakiyar ɗaki, kowa ya yi shiru, har da waɗanda suka yi kolej.

Na ce, "Masta, yabo ne ko zagi?"

Ya ce, "Ekow, bayani ne."

Na ce, "To rubuta mini bayanin in tafi da shi gida."

Ya rubuta a bayan kwalin ashana, ga ta nan na kwafo miki harafi bayan harafi: exanimate. Na kai wa fasto, ya ce zai duba. Na kai wa akawun kotu, ya ce ya san ta amma ba su saba ba.

Ki buɗe ƙaton littafin nan na makarantarku ki nemo mini ita. Ina son ma'anarta, da garinsu, da sunan iyayenta. In da kalma za a kore ni daga gaban jerin gwanon da na ja tun ba a haife ki ba, ya kamata in san danginta. Maganar ƙarshe a bakin Nana take, kuma bai ce komai ba tukuna.

Ubanki kuma ɗanki,
Ekow Bentil


Bolgatanga, watan Yuni

Papa,

Na sami wasiƙarka, na ji daɗi da kowa yana lafiya. Ni ma lafiya, damina ta sauka, zafi ya ragu. Ka gaishe da Maame, ka ce barkonon da ta aiko ya kusa ƙarewa. Tarin kuma ba na amsa gaisuwarsa, ka kai shi asibiti.

Na nemo kalmar. Ba yabo ba ne, Papa. Ana faɗinta ga abin da rai ya fita daga jikinsa, wato gawa, ko ga abin da ya yi laƙwas babu sauran kuzari a tare da shi. Asalinta ba Turanci ba ne, daga Latin ta zo. Akwai wani tsohon limamin cocin Katolika a nan da ya koyar da Latin shekara da shekaru, na kai masa. Ya ce gaɓa biyu ce aka haɗa. Ta farkon, ex, tana nufin fita waje. Ta biyun daga anima take, wato numfashi. Ya ce mutanen Rum da kalma ɗaya suke kiran numfashi da rai, saboda a ganinsu duk tafiyarsu ɗaya, in wannan ya fita wancan ya bi shi. Har sojan da ya yi gudu ya kasa numfashi sukan kira shi da ita. Turawan Ingila sun are ta shekaru ɗaruruwa da suka wuce, suka ajiye a littafi suka manta. Baturiyar da ke koyar da Turanci a nan ta ce ba ta taɓa jin ta a bakin mutum ba. Masta Kwansa ya yi tafiya mai nisa kafin ya samo muku ita.

Yanzu ka bar ni in yi maganar uwa, tunda haka kake kirana. Masta ya zaɓi kalma mai nauyi, amma tudun ba shi ya gina shi ba. Ƙaraminku ya wuce sittin. Duk waɗanda ka koya wa busa sun watse, Ebo Hamon yana tashar jirgin ruwa a Tema, Fifi Otu yana ɗinki a Abijan, sauran ma kowa ya kama gabansa. Sau nawa ka aika musu su zo biki ba su zo ba? Ka sauka da mutuncinka tun kafin a sauke ka. Ka zauna a rumfa kusa da dattawa, a busa maka kai ma ka ji.

Kada ka yi fushi da ni.

'Yarka,
Araba


Eduakrom, watan Yuli

Uwata,

Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Fushi kuma ban yi ba, ba ni da numfashin yinsa, kamar yadda mutanen Rum suka tabbatar.

Na karanta wa mamarki wasiƙarki. Ta ce, "Shekara nawa ina faɗa da Fante ba a ji ba, sai da aka faɗa da Latin." Na tara mutanena a gindin bishiyar bakin coci na gaya musu. Kowa ya sunkuyar da kai. Egya Atta ya kama kunne ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ɗaga murya na ce, "Mu."

"Yaushe?"

"Tun bara, in ji Masta."

Ya ce, "An kai wa fada barasa?"

Araba, a nan na ga hanya. Ke ma kin sani, a garin nan mutum bai mutu ba sai an kai kwalba fada an sanar. Washegari muka ɗaura baƙin zane mu duka, muka ɗauki kwalaben muka nufi fada a jere, fuska a murtuke. Okiyame Baidin, mai magana da yawun Nana, ya dogara sandarsa ya tambayi abin da ke tafe da mu. Na ce mun zo sanar da rasuwa. Ya ce ta wa? Na ce ta badujalar Eduakrom, wadda ta busa a naɗin Nana da na kawunsa.

Ya ce, "Wa ya ga gawar?"

Na ce, "Masta Kwansa, kuma ya rubuta."

"Su wa ne dangin mamaciya?"

"Mu ne."

"Mamaciyar fa?"

"Mu ne dai."

Nana ya ja zanensa ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Amma kwalba in ta shiga fada ba a mayar da ita haka kawai. Aka karɓa, aka sa ranar jana'iza, ranar Asabar, mako guda kafin biki. Sai dai Nana ba yaro ba ne, ya ɗora sharaɗi ta bakin Okiyame. Tunda al'ada ce abokan sana'ar mamaci su yi masa sana'arsa a rakiyar ƙarshe, to za a raka mamaciya da busa daga filin makaranta har kan tudun rijiya. In busa ta kai sama ba ta yanke ba, fada ba ta ji labarin wata mutuwa ba, mu ne a gaba ranar biki. In ta yanke, an binne ke nan, a kwashe ƙahonin a ba makaranta.

Daga fada na wuce gidan Masta. Kin san babu jana'izar da ake yi a garin nan ba shi ya karanta yabon mamaci ba. Na ce mun zo roƙon alfarma. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ekow, kai tun a aji huɗu ba ka da kunya."

Na ce, "Ita ce kaɗai jarrabawar da na ci. Za ka karanta?"

Ya ce zai karanta. Ya kuma san doka, ba a aibata mamaci a gaban gawarsa.

Na je birnin Kef Kos an buga mana takardar sanarwa da hotonmu, ni a tsakiya da babban ƙaho ya nannaɗe ni kamar mesa. Na raba wa direbobi, ta tafi Tema, ta tafi Takoradi, ta tafi Abijan. Kin ce na sha kiran yaran nan biki ba su zo ba. Gaskiya ne. Amma mutumin ƙasar nan zai ƙi zuwa bikinka, ya ƙi zuwa dubiyarka, jana'izarka kuwa ko a ƙafa sai ya zo. Kuma babu gida a Eduakrom da ba mu raka gawarsa ba, don haka babu mai fuskar zama a ɗaki ranar tamu.

In ba su zo ba, mu tsofaffi ne da tudu, kin kuwa san yadda muka rabu bara. Ki sa mu a addu'a. Zan ba Kojo direba wannan ya jefa mini a gidan waya na Mankesim.

Ubanki marigayi,
Ekow


Bolgatanga, watan Agusta

Maame,

Ki sa wani ya karanta miki wannan a hankali. Ban san yadda zan gaishe ki ba.

Yau na sayi bandar kifi wurin wata mata da ke kawo shi daga kudu. Da na buɗe a gida sai na ga fuskar Papa a jikin takardar da ta naɗe shi. An yage gefe da gefe, mai ya ɓata sauran, amma na ga fuskarsa da ƙahonsa, na ga an rubuta jana'iza, na ga Eduakrom, na ga ranar. Gobe ce. Ko yanzu na shiga mota ba zan iso ba.

Maame, me na yi da ba wanda ya buga mini waya? A jikin kifi zan ji? Tun da na rubuta masa a watan Yuni ban sami amsa ba, na zaci fushi yake yi. Na san tarin nan ne. Kuma abu na ƙarshe da ya karanta daga hannuna shi ne in ce masa gawa, in ce ya sauka. Da na sani da na ce masa kalmar yabo ce, ya tafi da ita yana murna.

Shugabar makaranta ta ba ni izini, zan taho da zarar na sami mota. Kada a raba kayansa kafin in zo. Ba na son komai sai abin bakin ƙahonsa.

Araba


Eduakrom, watan Agusta

Uwata Araba,

Ina raye. Na fara da wannan ko da yake na san wayar da fasto ya buga wa shugabarku ta riga ta tare ki a tasha. Kowa lafiya, in ban da kunnena na dama, wanda mamarki ta yi kwana biyu tana zuba wa magana tun da aka karanta mata wasiƙarki. Ta yi daidai. Na sa ki kuka a ƙasar mutane ke kaɗai, wannan ba abin dariya ba ne, ki yafe mini. Ashe wasiƙata ta Yuli tana motar Kojo, ya sa ta ƙarƙashin kujera yana tsare ta da kyau. Na karɓo na haɗa miki da wannan, ki fara karanta ta. Abin bakin ƙaho kuma naki ne, amma ki ɗan jira.

To ga yadda aka binne mu.

Tun da safe aka kafa rumfuna a filin makaranta. Aka fito da gadon ƙarfe na gidan Yanka, aka shimfiɗa leshi, aka jera ƙahonin a kai an goge su da toka da lemun tsami suna walƙiya. Egya Atta ya ce shi ma sai ya kwanta, da ƙyar muka sauko da shi. Gari kuwa ya fito kaf, baƙaƙen tufafi da jajaye ko'ina. Mu muka zauna a layin dangi ana bi ana ba mu hannu. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu da rashin kanka, Ekow." Mamarki ce ta ja kuka, kuma ban taɓa jin ta yi mai daɗinsa ba. A cikin kukan ta lissafa duk rufin ɗakin da ban gyara ba.

Rana ta ɗaga, babu baƙo ko ɗaya. Kwesi Bronya ya raɗa mini, "Shugaba, tudun nan ya ƙara tsawo ko idona ne?" Na juya ina duban hanyar mota.

Sai ga motar Tema ta tsaya, ta Takoradi na bin ta. Maza suka yi ta dirowa cikin baƙin zane. Ebo Hamon ne a gaba, ya zama ƙato, ƙirji kamar ƙofar coci. Ya taho yana share hawaye, ya ɗaga kai, ya gan ni zaune ina cin gyaɗa.

Ya ce, "Papa Ekow, na bar aiki, na sayi zane, na yi kuka tun daga Tema, ashe kana nan?"

Na ce, "Ba ka karanta takardar ba ne? Badujala aka ce."

"Wa ke karanta takardar mutuwa? Hoto ake dubawa."

Na ce, "To ka zo dai. Ga mamaciya can a gado, je ka gaishe ta."

Ya je ya tsaya a kan gadon. Na ga ya kai hannu ya taɓa ƙahon da ya koya a kai, wanda ya lotsa da kansa ranar da ya faɗa kwata da shi. Fifi Otu ya iso daga Abijan ana haka, ya zage ni da Faransanci, sannan ya rungume ni.

Masta ya miƙe karanta yabo. Na shirya jin manyan kalmomi, sai ya naɗe takardarsa ya yi magana da Fante. Ya ce ranar da aka binne mahaifiyarsa ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, kowa ya gudu, mutanen nan suka tsaya a bakin kabari suna busa, ruwa na fita ta bakin ƙahoninsu. Da ya zo wucewa ta gabana ya sunkuyo ya ce, "Na yabe ku, Ekow. Amma tudun yana nan inda yake."

Okiyame ya buga sanda ya ce duk wanda ya taɓa cin abinci da sana'ar mamaciya ya fito ya raka ta. Araba, ƙahonin ba su isa ba. Sai da aka buɗe ɗakin ajiyar coci aka kwaso tsofaffin da gizo-gizo ya yi gida a ciki. Mutanen da rabonsu da busa tun suna samari suka tsaya suna hura leɓe kamar dawakai. Waƙar farko ta fito a karkace, ba zan yi miki ƙarya ba, awaki sun gudu. Ta biyu ta miƙe. Kafin mu wuce kasuwa masu kuka sun koma rawa, mata na kaɗa mayafi, masu ɗaukar Nana suna juyi da shi.

Muka kama tudu. Na ji ƙarar na dukan bayana kamar igiyar ruwa. Muka wuce wani dutse a tsakiyar tudun, daidai inda muka mutu bara, ba wanda ya ko dube shi.

Yanzu abin da zan gaya miki, tsakanina da ke ne. Kaɗan bayan dutsen nan numfashina ya tafi. Na nema, babu. Sai na kumbura kumatu, na ci gaba da danna maɓallai, ina taku kamar soja. Ebo yana bayana da ɗaya babban ƙahon, shi kaɗai ya isa mutum uku, ba wanda ya ji giɓi. Masta ne kawai, da yake yana tafe kusa da ni.

Ya ce, "Ekow, ƙahonka ba ya magana."

Na cire baki na ce, "Saurare yake yi, Masta."

Ya dube ni, ya dubi bayana, ya ci gaba da tafiya. Har yau bai gaya wa kowa ba.

Muka kai bakin rijiya busa ba ta yanke ba, har sai da Okiyame ya ɗaga sanda sau da yawa kafin a yi shiru, Egya Atta kuwa sai da aka riƙe masa hannu. Okiyame ya tsiyaye barasarmu a ƙasa ya ce fada ta zo jana'iza ba ta ga gawa ba, don haka ba ta ji an yi mutuwa ba, badujalar Eduakrom ce a gaba ranar biki. Wurin ya ɗauka da sowa. Mamarki ta yi guɗa, sannan ta tuna tana fushi da ni ta daina.

Yaran sun ce za su zauna har a gama biki, kuma sun yi alkawari a gaban Nana za su riƙa zuwa duk shekara, wai don kada in sake kashe su da tafiyar banza. Na miƙa wa Ebo babban ƙaho jiya, ban ce masa don me ba, shi ma bai tambaya ba. Asibiti kuma zan je bayan biki, na yi wa mamarki rantsuwa.

Ranar Asabar in kin ji ƙasa na motsi a Bolga, mu ne. Ni ne a gaban kowa da doguwar sanda mai kan azurfa, ina jefa ta sama ina cafewa. Na bincika, wannan aikin ba ya cin numfashi, tumbi kawai yake so, kuma Allah ya hore mini.

Ubanki mai rai,
Ekow Bentil